Shida Cikin Ashirin

Litinin, 15 ga Afrilu

Yau shugaban tsangaya, Farfesa Hunkpatin, ya kira ni ofis, ya turo mini mukulli a kan tebur da ɗan yatsa ɗaya. Mukullin situdiyo. Shekara uku ke nan da Turawa suka kawo kayan suka kafa, aka yanka ƙyalle, aka ci shinkafa, aka lulluɓe komai da leda aka kulle. Wanda aka tura waje ya koyo yadda ake aiki da su, wani gidan talabijin na Abijan ya tare shi a hanya, ko gaisuwa bai aiko ba. Tun daga nan ba a buɗe ɗakin sai in an yi baƙi, ko ɗalibai za su ɗauki hoton kammala karatu.

Wai a taron makon jiya masu gidajen rediyo sun wanke mu tas. Ɗaya ya ce yaranmu sun san shekarar da aka ƙirƙiro rediyo da sunan wanda ya ƙirƙiro, amma ka miƙa musu makirufo da waya sai su tsaya suna kallonka. Wani ya ce shi daga Lome yake ɗauko mai haɗa sauti, ga jami'a a bakin ƙofarsa. Abin ya yi wa Farfesa zafi. Don haka ya yanke hukunci: 'yan ajin ƙarshe, su ashirin da shida, za su yi shirin rabin awa kai tsaye daga situdiyon nan ranar 29 ga Yuni, a gaban mutanen da suka zage mu. Wanda ya burge a ɗauke shi aiki.

"Ke ce mai darasin fasahar watsa shirye-shirye, Dakta Bake. Shekara goma sha bakwai. Wa zan ba in ba ke ba?"

Na ce babu damuwa. Har da murmushi.

Shekara goma sha bakwai ina zana teburin haɗa sauti a allo, ina yi musu shifta suna rubutawa. Ban taɓa ɗora hannuna a kan na gaske ba. A nan kaɗai zan iya faɗa.

Talata, 16 ga Afrilu

Na shiga ni kaɗai bayan la'asar, na kulle ta ciki. Na ɗage ledar. Teburin ya fi na allo yawan maɓallai nesa ba kusa ba. Minti arba'in ina neman inda ake kunna shi, ban gani ba. Na mayar da ledar yadda na same ta, har na daidaita mata baki.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Na yi ta tambaya a fakaice, kamar wani nake tambayar wa: wa ya fi kowa iya aikin sauti a garin nan? Mutum huɗu, amsa ɗaya. Sabi Tamu, na gidan rediyon manoma da ke bayan kasuwar doya.

Me ya sa sai shi?

Ɗalibina ne, shekara tara da suka wuce. Dogo, ba ya magana, kullum da ƙaramin sukundireba a aljihun riga. Na yi tambaya a jarrabawa: ka faɗi ma'anar makirufo da rabe-rabensa. Layi biyar ne a cikin shiftata, kowa ya haddace ya zubo mini. Shi sai ya cika shafi biyu da bayanin inda ake ajiye makirufo in za a ɗauki ganga, da inda ake ajiye shi in tsohuwa ce za ta yi magana, har da zane. Na ba shi shida cikin ashirin, na rubuta da jan biro: ba wannan aka koya maka ba. Ashe maimaita ajin yake. Da wannan shidan aka sallame shi.

Na gaya wa maigidana Gunu muna cin sakwara. Shekara talatin da aure, har yanzu mutumin nan bai san lokacin da ake yin shiru ba. Ya ce, "To Dakta, ki saya masa biro ja ki tafi da shi, kada ya wahala nema."

Asabar, 20 ga Afrilu

Na je. Sau biyu na sa mai babur ya wuce ƙofar kafin na ce ya tsaya.

Sabi ya yi ƙiba kaɗan, ya ajiye gemu. Yana ganina ya durƙusa ya gaishe ni yadda ake gai da iyaye, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwan shekaranjiya. Ko alamar riƙo babu. Da ya ɗaure fuska da na fi samun sauƙi.

Na ce bincike nake yi a kan yadda ƙananan gidajen rediyo ke aiki, ina so in riƙa zuwa duk Asabar in gani da idona. Ya ce, "Gidanki ne, Dakta." Sai ya ƙara da cewa, "Amma binciken zai fi shiga in da hannu aka yi." Ya ɗauko wata doguwar waya baƙa ya ce in naɗe.

Na naɗe a gwiwar hannu, yadda nake naɗe igiyar shanya. Sai na ga ya runtse ido kamar na taka masa ƙafa.

"Dakta, da rai fa a cikinta. Siraran wayoyi ne, in aka murɗe su haka sai su tsinke ta ciki, waje lafiya lau. Ranar da kike watsa shiri kai tsaye, ranar za ta ci amanarki."

Ya nuna mini. Zagaye ɗaya gaba, zagaye ɗaya a juye, ana ɗan murza ta da yatsu ta kwanta da kanta. In ka jefa ta sai ta miƙe sambal ba ƙulli. Awa biyu na yi ina naɗewa yana warwarewa. Ni, mai digiri uku. Ban ko kusanci teburin ba.

Da zan tafi, kamar abin bai dame ni ba, na tambaye shi inda ake kunna irin manyan teburan nan. Ya ce ta baya, ƙasa-ƙasa, kusa da inda wayar wuta ta shiga. Bai ɗago ya dube ni ba, Allah ya saka masa.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Gunu ya kama ni a bayan kicin ina naɗe wayar dutsen guga. Tun safe yake kirana Injiniya.

Litinin, 22 ga Afrilu

Na buɗe wa ɗalibai situdiyo. Na kunna tebur a gabansu, fitilu suka kawo, suka yi tafi. Sannan na zube musu wayoyi na ce kowa ya naɗe. Duk a gwiwar hannu suka naɗe, su ashirin da shida. Na runtse ido. Na ce, "Da rai fa a cikinta."

Daado, mai bakin ajin, wadda tun ajin farko ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, ta ce, "Kai, Dakta! Ashe duk kin iya kika bar mu da allo shekara uku?"

Na ce komai da lokacinsa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Daɗin bai kai ni gida ba.

Asabar, 4 ga Mayu

Haka abin ya zama: in koya Asabar, in koyar Litinin. Kwana biyu ne tsakanina da su. Ina ji kamar mai tafiya a gaban shanu, in na tsaya a take ni.

Na san yanzu lasifika ita ake kunnawa ƙarshe, ita ake fara kashewa. Na san jar fitila in ta kama a kan ma'auni murya ta fashe. Yau Sabi ya sa na rufe ido, ya sa muryoyi uku, ya ce in faɗi wadda ta yi nisa da makirufo. Na ci biyu. Ya ce, "Kunnenki mai kyau ne, Dakta, ba ki dai saba ba shi aiki ba." Ban san ko magana ya gaya mini ba. Ina jin a'a. Ina jin.

Ya ɗauki muryata ya sa mini. Ko "ina kwana" na ce, kamar faɗa nake. Shekara nawa yaran mutane ke jin wannan?

Matarsa ta aiko da wasa-wasa, dambun garin doya, da soyayyen wagashi, cukun madarar shanu, muka ci a kwano ɗaya a kan benci. Ya ce gidajen rediyo biyu a Kwatano sun neme shi, amma in ya tafi wa zai riƙe nan? Daga nan har garin Kandi masu iya gyaran teburin sauti ba su fi uku ba, ɗaya ma idonsa ya fara tafiya.

Laraba, 8 ga Mayu

Woru, wanda ke zama a can baya, wanda na ɗauka ba ya gane komai, shi ya fi kowa hannu. Ban taɓa jin muryarsa ba sai yau.

Asabar, 18 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Da ƙarfe sha biyu ake sanarwar rasuwa. Duk ƙauyukan nan ba abin da ake saurara kamar ta. Ana sa ganga a ƙasa-ƙasa, mai sanarwa na karanta dangi, gidan wane da gidan wane, surukai, jikoki, suna baƙin cikin sanar da rasuwar wane. Sabi ya bayyana mini ƙa'idarsa, wadda babu ita a kowane littafi da na karanta: in an zo sunan mamacin, sai a janye gangar gaba ɗaya, sunan ya fita shi kaɗai. Sannan a dawo da ita a hankali, a bar ta ta ɗan jima, don masu saurare su samu lokacin yin salati.

Ya ce yau ni zan riƙe teburin. Na yi biyar lafiya. A ta shida sai na hango fuskata a gilashi, da abin saurare a kunne, hannu a kan maɓalli, na tsaya ina sha'awar kaina. Da na farga an wuce sunan. Ganga ta rufe shi. Sabi yana waje yana duba janareta, mai sanarwar kuma ba ta jin abin da ke fita. Na yi shiru, na ce wa ya lura.

Wajen ƙarfe uku sai ga wani tsoho a kan keke, ƙafafunsa duk laka. Kilomita goma sha huɗu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wadda ganga ta rufe sunanta matarsa ce, shekara hamsin da ɗaya suna tare. Duk gari sun taru a gindin mangwaro da rediyo. Sun ji sunansa, sun ji na 'ya'yansa, sun ji har na surukin da bai zo jana'iza ba.

"Ita kaɗai ba mu ji ba, ɗana. Sunanta bai taɓa shiga rediyo ba tun da aka haife ta. Sau ɗaya ɗin nan ne."

Sabi ya durƙusa har ƙasa. Ya ce, "Ni ne, Baba. Hannuna ne ya makara. Ka yafe mini."

Ina tsaye a gefe da jakata a hammata kamar wadda ta zo kawo saƙo. Bakina ya ƙi buɗewa. Wallahi na so, ya ƙi.

Sabi ya katse waƙar da ake yi, ya kira mai sanarwa ta dawo, ya tsayar da tsohon a bakin ƙofar situdiyo. Aka sake karantawa tun daga farko. Da aka zo wurin ya janye gangar, ɗakin ya yi tsit. Beru Sika. Tsohon ya maimaita a hankali, Beru Sika, kamar yana kiranta daga ɗaki. Ya goge ido da hularsa, ya yi godiya, ya hau kekensa.

Na ce kaina na ciwo, na tafi gida.

Lahadi, 19 ga Mayu

Ban ci abinci ba. Gunu ya duba ni, ya buɗe baki, ya rufe. Yau ya san lokacin yin shiru.

Asabar, 25 ga Mayu

Ban je ba. Na wanke labulen da ba su yi datti ba.

Litinin, 27 ga Mayu

Ba ni da sabon abu, don haka na maimaita musu na makon jiya. Ana cikin haka sai wata ƙara ta shigo lasifika, zuuu, ba ta tsayawa. Na taɓa nan, na taɓa can. Ido hamsin da biyu a kaina. Na fara cewa, "Wannan a ilimance ana kiransa..." sai na ji muryar nan tawa ta faɗa, na tsaya.

Na ce ban san mene ne ba. Na ce ban san yadda ake gyarawa ba. Tun da na fara sai abin ya ƙi tsayawa: na ce kafin Afrilu ko kunna teburin nan ban iya ba, duk abin da na koya musu Asabar nake koyo shi a wurin wani mutum da ni na yi sanadin korarsa daga makarantar nan. Na jira dariya.

Daado ta ce, "Sabi Tamu ko? Ai mun sani, Dakta."

Wai tun ranar farko. Ta taɓa raka yayarta kai sanarwa gidan rediyon, ta gan shi yana naɗe waya. Sabi bahago ne. Ni kuwa da dama nake rubutu, da dama nake cin abinci, amma waya da hagu nake naɗe ta. Kuma yanzu su ashirin da shida duk da hagu suke naɗewa.

Na dubi hannuna. Ban taɓa lura ba.

Na ce to me ya sa ba su faɗa ba? Woru ne ya amsa, daga can baya: "Muna tsoron kada ki ji kunya ki daina zuwa."

Na fita na ce zan amsa waya. Ba wanda ya kira ni.

Asabar, 1 ga Yuni

Na sami Sabi yana liƙa wata waya da dalma. Ya miƙe zai gaishe ni, na ce ya zauna. Na ce ba bincike nake ba. Ya ce ya sani. Na ce ni ce na rufe sunan matar nan. Ya ce ya sani. Na ce to ya bar ni in faɗi wani abu ɗaya da bai riga ni ba mana! Ya yi dariya, ni ma na yi, da hawaye.

Na ce maganar shidan nan.

Ya ajiye ƙarfen liƙin. Sannan ya ce shekara biyu ya yi ba ya bin titin jami'a, sai ya zagaya ta bayan asibiti. Ya ce mahaifiyarsa ta rasu tana gaya wa mutane ɗanta ya gama, shi kuma bai iya gyara mata ba. Wannan ban san shi ba. Na ce ya yafe mini. Ban taɓa faɗa wa ɗalibi wannan kalmar ba, ta fito a karkace.

Ya ce, "Ya wuce, Dakta." Na ce yanzu yana bin titin? Ya ce, "In ina sauri."

Na tambaye shi me ya sa ya ɗauki laifina a gaban tsohon. Ya dube ni kamar tambayar ba ta da kai. "Ni na ɗora ki a kan teburin. In hannun wanda kake koya wa ya kuskure, naka ne."

Ya miƙo mini dalmar ya ce in riƙe.

Talata, 4 ga Yuni

Na roƙi Farfesa a bar Sabi ya zo ya koyar, ko na wata ɗaya. Ya buɗe littafin doka. Ba mai tsayawa gaban aji sai mai digiri na biyu. Na ce to a duk ƙasar nan masu digiri na biyu da suka iya wannan aikin su nawa ne, kuma suna ina? Ya ce ba shi ya rubuta dokar ba. Amma in kayan sun lalace, ana iya kiran mai gyara.

Alhamis, 6 ga Yuni

Kayan sun lalace. Za su riƙa lalacewa duk Litinin da Alhamis daga ƙarfe huɗu.

Sabi ya zo da jakar kayan aikinsa, ya sa hannu a littafin mai gadi a matsayin mai gyara. Da ya kai ƙofar situdiyo ya ɗan tsaya kafin ya shiga. Ƙarar nan minti uku ta ɗauke shi: wayar makirufo ce aka shimfiɗa a jikin wayar wuta. Amma bai gyara ba, ya sa su suka nemo da kansu. Kuma tunda an hana shi tsayawa gaban aji, a zaune yake yi, a ƙasa, su kuma sun kewaye shi. Daado ta ce doka ba ta ce komai a kan zama ba.

Ni na zauna a kan bencin ɗalibai. Ƙafata ce ke ciwo.

Alhamis, 20 ga Yuni

Saura kwana tara. Sun raba aiki: Daado da wasu uku a makirufo, Woru a tebur, sauran a wayoyi, kiɗa, lokaci, da rahoton da suka ɗauko a kasuwar doya. Sabi yana zare musu waya da gangan a tsakiyar gwaji ya ga abin da za su yi. Yau Woru ya yi fushi har ya yi magana mai tsawo. Muka yi masa tafi.

Sun kawo mini naman Sallah, kowa da ƙullinsa. Rabin na kai wa Sabi, ya ce nasa ya fi nawa yawa.

Ina tsoro. Ba don kaina ba, wannan karon. Yaran nan in suka faɗi, mu muka kayar da su.

Asabar, 29 ga Yuni

An yi.

Masu gidajen rediyo bakwai suka zo, aka jera musu kujeru a bayan gilashi. Sunan Sabi ba ya cikin takardar gayyata, don haka mai gadi ya tsayar da shi a baranda. Ta taga yake leƙe.

Minti na goma sha ɗaya makirufon Daado ya mutu tana tsakiyar magana. Kafin in motsa Woru ya ɗago kiɗa, wata yarinya ta rarrafa ƙarƙashin tebur ta canja waya, ya sauke kiɗan, Daado ta ɗora daga inda ta tsaya kamar haka aka tsara. Daƙiƙa takwas. Farfesa bai ma lura ba. Amma na ga mutumin nan mai ɗauko ma'aikata daga Lome ya ciro biro ya tambayi sunan yaron da ke kan tebur.

Bayan an gama Farfesa ya yi jawabi, ya ce ga amsar masu cewa jami'a ba ta koyar da aiki, ga abin da ƙwarewar Dakta Bake ta haifar. Aka miƙo mini makirufo.

Da na yi godiya na zauna da shi ke nan. Har na shirya kalmomin. Sai na ji ina cewa ni ma ɗaliba ce a ajin nan, ta ashirin da bakwai, malaminmu yana baranda an hana shi shiga. Na ajiye makirufon na fita na kamo hannunsa. Yana ta cewa, "Dakta, bari, Dakta, rigata duk mai." Yaran suka miƙe tsaye. Na faɗi sunansa, na faɗi shekarar da muka kore shi, na faɗi makin da wanda ya bayar.

Fuskar Farfesa ba ta kallo ba ce. Bai yi mini sallama ba.

Laraba, 3 ga Yuli

An ɗauki biyar, Woru na ciki. Wasu huɗu za su yi gwajin wata uku. Daado ta ce ita talabijin take so, rediyo ɓarnar fuskarta ne.

Ni kuma takarda ta zo: in yi bayani a rubuce cikin kwana bakwai dalilin da ya sa na shigo da wanda ba malami ba ya koyar, da dalilin da ya sa na zubar da mutuncin tsangaya a gaban baƙi. An kuma karɓe mukullin situdiyo sai an gama bincike. Na ga masinja da sabuwar leda.

Gunu ya karanta takardar sau biyu, ya ce, "Injiniya, in sun kore ki akwai wayoyi da yawa a gidan nan."

Asabar, 13 ga Yuli

An rufe makaranta, ba ni da abin yi a bayan kasuwar doya. Doya na je saya. Tunda na zo kusa na ce in leƙa.

Na tarar da Sabi da sabon littafin rubutu a gabansa, shafin farko fari fat. Wai ƙananan gidajen rediyo biyar na ƙauyuka za su turo masa mutanensu ya koya musu, suna so ya ba su wani abu a rubuce da za su koma da shi. Kwana uku yana zaune. Ya ce tun waccan shekarar in ya ɗauki biro don ya yi bayanin aiki sai hannunsa ya yi sanyi.

Na ce ya kawo. Na ce ya faɗa kawai, ni in rubuta.

Ya fara da ƙyar, yana kallon fuskata bayan kowace jimla. Can ya manta da ni, ya miƙe yana zagaya ɗakin yana nunawa da hannu, har sai da na ce ya rage gudu, ba na kamo shi. A wani wuri ya ce, "In tsoho zai yi magana, kada ka tura masa makirufo a baki, tsoro zai ji. Ka zauna kusa da shi, ka ajiye shi a gwiwarka, ka tambaye shi gonarsa tukuna." Na san yadda ake faɗin wannan a littafi, da kalmomin da suka dace, layi ɗaya ya isa. Birona ya tsaya a sama.

Ya ce, "Ba daidai ba ne, Dakta? Ki gyara in da gyara."

Na ce ya ci gaba, ina jinsa.

Shafi goma sha ɗaya muka yi. Ban canja masa ko kalma ɗaya ba. Ba wani abu ba ne, sauri muke yi. Sai da na iso gida Gunu ya tambaye ni ina doyar.